BABI NA UKU: SINADARIN KITON DA JURIYAR 'YAN WASAN DOGON ZANGO A ƘASAR GWARZO DA KABO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan wani sinadari da ake kira kiton, wanda jikin ɗan Adam yake sarrafawa da kansa a lokacin yunwa, wanda kuma a 'yan shekarun nan kamfanoni suka fara ɗurawa a kwalba suna sayar wa 'yan wasa da sunan yana ƙara juriya. Za a dubi yadda jiki yake samar da shi, da dalilin da ya sa aka yi zaton shansa zai ƙara wa ɗan tsere ƙarfi, da kuma abin da gwaje-gwajen masana suka nuna. Daga nan sai a auna al'amarin da yanayin mutanen ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da ke yammacin Jihar Kano.

Abin da ake nufi da wasan dogon zango shi ne duk wani motsa jiki da yake ɗaukar lokaci mai tsawo ba tare da hutu ba, kamar gudun famfalaƙi da tseren keke. A ƙasar Gwarzo da Kabo ana samun matasa masu gudun asuba a gefen titin Kano zuwa Gwarzo, musamman masu shirin neman aikin soja ko na ɗan sanda, da ɗaliban sakandare masu shirin gasar wasanni, da 'yan ƙwallon ƙafa. Amma idan aka faɗaɗa ma'anar, mafaraucin da yake wuni yana tafiya a daji da rani, da manomin da yake huɗa tun hantsi har azahar, da mai keken da ya ɗauko buhu daga ƙauye zuwa kasuwar Getso, duk aikin juriya suke yi, kuma dokar da take tafiyar da jikin ɗan tseren Turai ita ce take tafiyar da nasu.

3.1 Makamashin da Jiki Yake Ƙonawa

Jiki yana da rumbuna biyu na makamashi. Rumbu na farko shi ne na suga. Duk abincin da ya ƙunshi sitaci, kamar tuwo da fura da dankali da shinkafa, idan ya narke yakan koma wani nau'in suga mai suna gulukos. Abin da jiki bai ƙona nan take ba sai ya adana shi a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin. Wannan rumbu ƙarami ne, domin a jikin baligi bai cika wuce giram 400 zuwa 500 a tsoka ba, da kimanin giram 100 a hanta. Idan mutum yana gudu mai ƙarfi, wannan ajiya takan kusa ƙarewa cikin minti 90 zuwa awa 2. Masana biyu na ƙasar Suwidin, Bergström da Hultman, su ne suka tabbatar da haka a shekarun 1966 da 1967, inda suka riƙa cirar ɗan ƙanƙanin nama daga cinyar mutum kafin ya tuka keke da kuma bayan ya gama, suka ga cewa gajiya mai tsanani tana zuwa ne daidai lokacin da gilaikojin ya ƙare. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Rumbu na biyu shi ne kitse. Wannan kuwa babba ne ƙwarai, ko a jikin siririn mutum akwai kitsen da zai iya riƙe shi tafiyar kwanaki. Matsalarsa ita ce ba ya ƙonuwa da sauri, kuma yana cin iskar oksijin fiye da yadda suga yake ci kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. Wato ke nan kitse ya dace da tafiya a hankali, suga kuwa shi ne na gaggawa, kamar hawan tudu ko rige-rigen ƙarshen tsere. Haka kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙona kitse kai tsaye.

3.2 Yadda Jiki Yake Samar da Kiton

A nan ne kiton ya shigo. Idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, gilaikojin ɗin hanta ya yi ƙasa, sinadarin insulin ya ragu a jini, sai jiki ya fara narkar da kitse yana tura shi hanta. Ita kuma hanta sai ta farfasa shi zuwa wasu ƙananan sinadarai guda uku da ake kira kiton a dunƙule, wato asito'asitet da bita-haidiroksibutiret da asiton. Biyun farko suna bin jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka inda ake ƙona su. Na ukun, wato asiton, yawanci ta numfashi yake fita, shi ya sa bakin wanda ya daɗe da yunwa yake yin wani irin ɗan wari mai kama da na 'ya'yan itacen da suka nuna da yawa. Wani abin lura shi ne ita hanta da take yin kiton ba ta iya amfani da shi, sai dai ta yi wa sauran gaɓoɓi.

Ana auna kiton a jini da ma'aunin milimol a kowace lita. Mutumin da ya ci ya ƙoshi ba ya wuce 0.1 zuwa 0.3. Bayan kwana 2 ko 3 ba ci, yakan kai 1 zuwa 2 ko fiye, kuma a doguwar yunwa ta makonni yakan kai 5 zuwa 8. A shekarar 1967 Owen da Cahill da abokan aikinsu a Amurka sun nuna cewa mutanen da suka yi makonni ba su ci ba, kusan kashi biyu cikin uku na makamashin ƙwaƙwalwarsu daga kiton yake fitowa. Wannan ne sirrin da ya sa ɗan Adam yake iya tsallake fari da yunwa hankalinsa bai gushe ba. Tun kafin nan ma, a 1921, likita Russell Wilder na asibitin Mayo ya tsara wani abinci mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci domin ya tilasta wa jiki yin kiton, aka riƙa ba yara masu farfaɗiya, kuma har yanzu ana amfani da shi ga waɗanda magani bai yi musu aiki ba.

Ya kamata a tsaya a nan a dubi azumin watan Ramadan, domin akan ji wasu suna cewa mai azumi da kiton yake rayuwa. Azumi a ƙasar Kano awa 13 ne zuwa 14, kuma akwai sahur a gabansa da buɗe-baki a bayansa. Wannan tsawon lokaci bai isa ya ƙarar da gilaikojin ɗin hanta gaba ɗaya ba, saboda haka kiton ɗin mai azumin da yake zaune ba ya tashi sosai. Sai dai wanda ya haɗa azumi da aikin ƙarfi, kamar mai noman rani a bakin madatsar ruwan Guzuguzu da ke Kabo, ko saurayin da ya buga ƙwallo da la'asar, nasa yakan fi tashi, musamman bayan ya tsaya da aikin. Duk da haka ba wanda ya taɓa ganin ɗan ƙwallo ya fi gudu da la'asar ɗin azumi a kan yadda yake yi a sauran watanni. Kiton yana hana shi faɗuwa ne kawai, ba ya ƙara masa sauri.

3.3 Kiton na Kwalba

Tunanin da ya haifar da kiton na sha mai sauƙin fahimta ne. A bisa ɗabi'a jiki ba ya yin kiton da yawa sai suga ya ƙare, wato ba a samun su biyun a lokaci guda. To, idan aka ba ɗan wasa kiton ya sha alhali rumbun sugansa a cike yake, ashe ya sami makamashi na uku ke nan, zai ƙona kiton da farko ya ajiye gilaikojin zuwa ƙarshen tsere. Abin da ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi shi ne gwajin da aka yi a ɗakin binciken Richard Veech a Amurka a 1995, inda aka ga zuciyar ɓera da aka ciyar da kiton ta ƙara ingancin aikinta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

A shekarar 2003 hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka mai suna DARPA ta ba da kuɗi har dala miliyan 10 domin a samar wa sojoji irin wannan abinci. Veech da Farfesa Kieran Clarke ta Jami'ar Oksfod da ke Ingila suka haɗa wani ruwa da ake kira estan kiton, wanda idan aka sha shi kiton ɗin jini yakan tashi zuwa milimol 2 ko 3 ko fiye cikin rabin awa, wato abin da sai an yi kwanaki da yunwa ake samu. Akwai kuma wani nau'i mai araha da ake kira gishirin kiton, wanda ake haɗawa da sodiyam ko fotasiyam ko kalsiyam, amma shi da ƙyar yake kai jini milimol 1, kuma yana ɗora wa jiki gishiri mai yawa.

3.4 Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

Binciken da ya fara ɗaga sunan wannan sinadari shi ne na Cox da abokan aikinsa na Oksfod, wanda aka buga a 2016. An ba ƙwararrun 'yan tseren keke 8 estan kiton haɗe da suga, a kan miligiram 573 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 60 zai sha kimanin giram 34. Bayan sun yi awa ɗaya suna tuƙi, sai aka ce kowa ya yi iya ƙoƙarinsa na minti 30. An ga sun ƙara tazarar mita 411 a kan yadda suka yi da suga kaɗai, kimanin kashi 2 cikin ɗari. A idon mai karatu wannan kaɗan ne, amma a manyan gasanni bambancin na ɗaya da na goma bai cika kai haka ba. Nan da nan labari ya bazu. A 2017 kamfanin HVMN na Amurka ya fitar da shi kasuwa a kan dala 33 kowace 'yar kwalba mai giram 25, kuma a 2019 ƙungiyar tseren keke ta Jumbo-Visma ta ƙasar Holan ta amsa cewa 'yan wasanta suna shansa a gasar Tour de France.

Sai dai binciken da suka biyo baya ba su goyi bayan na farko ba. A 2017 Leckey da abokan aikinta a Ostireliya sun gwada wani nau'in esta a kan ƙwararrun 'yan keke 10 a tseren kilomita 31, sai saurinsu ya ragu da kimanin kashi 2 cikin ɗari, kuma suka yi fama da tashin zuciya da murɗar ciki. A wannan shekarar dai, O'Malley da abokan aikinsa a Kanada sun gwada gishirin kiton, ƙarfin tuƙin mutanen ya faɗi da kashi 7 cikin ɗari. A 2019 Evans da abokan aikinsa a Dabilin ta ƙasar Ailan sun gwada shi a kan masu gudun kilomita 10 ba su ga wani bambanci ba. Sannan a 2023 McCarthy da abokan aikinsa na Jami'ar McMaster a Kanada suka yi gwaji da 'yan keke 23, adadin da ya ninka na Oksfod kusan sau uku, suka ga ƙarfinsu a tseren minti 20 ya ragu da kashi 2.4 cikin ɗari bayan sun sha esta.

Dalilan wannan koma-baya sun fito fili. Na farko, kiton sinadari ne mai tsami, idan ya yi yawa yakan ƙara wa jini tsami, sai numfashi ya ƙaru, bugun zuciya ya ƙaru, ɗan wasa ya ji aikin ya yi masa nauyi tun bai yi nisa ba. Shi kansa gudu mai ƙarfi yana tsamar da jini, ga kuma ƙari daga kwalba. Wannan ne ya sa Poffé da Hespel na Jami'ar Leuven a Beljiyam suka haɗa esta da bakar soda mai kashe tsami a wani gwaji da aka buga a 2021, suka ga ƙarin kashi 5 cikin ɗari, amma da suka maimaita a wani tsere mai tsawon minti 30 haɗin bai yi amfani ba. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, abin da aka ɗauka alheri ne shi ya zama cikas. Kiton saƙo ne ga jiki cewa ana cikin yunwa, a yi tattalin suga. To, tsokar da aka umarta ta yi tattali ba za ta saki suga da sauri ba a lokacin da ɗan tsere yake buƙatarsa. Ajiye gilaikojin ba shi da amfani idan an kulle rumbun a ranar da za a ci. Na uku shi ne ciki: ruwan yana da ɗaci ƙwarai, yana kawo tashin zuciya ga mutane da yawa, kuma yana kashe sha'awar abinci.

Irin wannan sakamako aka samu da aka bi ta hanyar abinci. Burke da abokan aikinta sun ɗora zakarun tseren tafiya da sauri a kan abinci mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci na mako 3, aka buga sakamakon a 2017. Jikinsu ya ƙware wajen ƙona kitse, amma sai suka koma suna buƙatar ƙarin oksijin kafin su yi saurin da suka saba, kuma ba su ci gaba ba kamar takwarorinsu masu cin sitaci.

Inda aka ɗan ga haske shi ne wajen murmurewa bayan wahala. A 2019 masanan Leuven sun sa wasu matasa atisayen keke mai tsanani na mako 3, rabinsu suna shan esta bayan atisaye da kuma kafin barci. Masu shan sun fi cin abinci, alamun gajiya mai naci sun yi musu sauƙi, kuma a mako na uku sun iya ɗaukar aikin da ya fi na sauran da kashi 15 cikin ɗari. Wannan ne ya sa wasu ƙungiyoyi suka koma ba 'yan wasansu bayan tsere maimakon kafinsa. Duk da haka, a watan Oktoba na 2025 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fitar da sanarwa cewa ba ta ba da shawarar a yi amfani da shi ba, domin ba ta ga gamsasshiyar hujjar cewa yana ƙara ƙwazo ko saurin murmurewa ba. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ba ta sa shi cikin haramtattun abubuwa ba.

3.5 Matsayin Al'amarin a Gwarzo da Kabo

Abu na farko da zai tari ɗan wasan wannan yanki shi ne kuɗi. Ko da farashin 2017 bai motsa ba, a canjin shekarar 2024 lokacin da dala ta haura naira 1,500, kwalba ɗaya ta kusa naira 50,000, alhali mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a wannan shekara naira 70,000 ne a wata. Kurɓa ɗaya ke nan, wadda tasirinta yake gushewa cikin 'yan awoyi. Saboda haka abin da ya fi yiwuwa ya shigo hannun matasa shi ne garin gishirin kiton, ko ƙwayoyin rage ƙiba masu ɗauke da sunan kiton da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi ma wani sinadarin ƙamshi ne na 'ya'yan itace da ya yi tarayya da kiton a suna kawai, ba ya ƙara kiton ɗin jini ko kaɗan. Duk wanda aka yi wa tallar irin wannan, ya kamata ya fara duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikinsa.

Wannan gargaɗi yana da muhimmanci, domin neman ƙarfi a cikin kwalba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. An ga yadda 'yan ƙodago da masu aikin ƙarfi suka faɗa shan taramol domin kada su ji gajiya, da yadda maganin tari mai kodin ya yi ɓarna har Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Kiton ba ya sa maye, ba kuma a jerin waɗannan yake ba, amma kasuwar da take karɓar su ita ce za ta karɓi jabunsa.

Akwai kuma waɗanda abin ya fi shafa, wato masu ciwon suga, musamman masu yin allurar insulin. A jikinsu kiton yana iya taruwa ya wuce milimol 10, jini ya yi tsami, mutum ya kama amai da numfashi sama-sama har ya suma, kuma idan ba a gaggauta kai shi asibiti ba yana iya rasa ransa. Mai irin wannan lalura, da mai ciwon ƙoda ko hawan jini wanda gishiri yake cutarwa, bai kamata su kusanci waɗannan kayayyaki ba sai da izinin likita.

Idan aka koma ga abin da yake ƙara juriya a zahiri, misalin da ya fi kusa shi ne na 'yan gudun ƙasar Kenya. Onywera da abokan aikinsa sun auna abincin wasu zakarunsu a 2004, suka ga kusan kashi 77 cikin ɗari na makamashinsu daga sitaci da suga yake fitowa, kuma ginshiƙinsa shi ne ugali, wato tuwon masara, sai shayi da madara da suga, da wake da kabeji. Shi ma Eliud Kipchoge, ranar da ya yi gudun famfalaƙi cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, ruwan suga aka riƙa miƙa masa a hanya. Wannan abinci bai bambanta da na gidajen Gwarzo da Kabo ba, inda ake noman dawa da gero da masara da gyaɗa da dankali.

Masana abincin 'yan wasa sun ba da shawarar a ci giram 30 zuwa 60 na suga ko sitaci a kowace awa idan motsa jiki ya wuce awa ɗaya, har zuwa giram 90 idan ya wuce awa biyu da rabi. Ƙananan dabino guda 10 suna ba da kimanin giram 50, dafaffen dankali mai nauyin giram 100 kuma yana ba da kimanin giram 20. Rake da zuma da kunun zaƙi duk suna cikin wannan sahu. Fura da nono kuwa ta fi dacewa da bayan aiki, domin ta haɗa sitacin da zai mayar da gilaikojin, da sinadarin gina jiki na nono da zai gyara tsoka, da ruwa. Ba banza ba ake kai wa masu aikin gayya ita gona da rana tsaka. Sai dai shanta da yawa dab da fara gudu yana nauyaya ciki, gara a bar tazarar awa 2 ko 3.

Abin da ya fi saurin kayar da ɗan wasa a wannan yanki ma ba ƙarewar makamashi ba ne, zafi ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40, kuma mai gudu a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa guda. Da zarar ruwan da ya rasa ya wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, wato lita 1.2 ga mai kilo 60, saurinsa yakan fara raguwa. Mai horar da ɗalibai a makarantar da ba ta da kayan gwaji yana iya gane wannan da sikeli kaɗai: ya auna yaro kafin atisaye da bayansa, kowane kilo ɗaya da ya ragu yana nufin kusan lita ɗaya ta ruwa da ya kamata a mayar, tare da ɗan gishiri a cikin abincin da zai ci.